Idan An Daina Kula da Babbar Manhajar Kwamfutarka: Yadda Za Ka Tantance, Ka Ƙaura, Ko Ka Killace Ta

Ranar da kamfani ya janye hannunsa daga babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux da macOS waɗanda sauran manhajoji ke hawa kansu, kwamfuta ba ta mutuwa. Ka kunna ta washegari ta tashi kamar jiya, fayilolinka suna nan, firinta tana bugawa. Wannan lafiyar ta ido ita ce ke yaudarar mutane. Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a 10 ga Janairu 2023, sai Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, kuma babu allon da ya yi baƙi a ko ɗaya daga cikin ranakun nan. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro, wato gyaran da ake aikowa domin toshe ɓarakar da aka gano. Daga ranar, duk ramin da aka samu a jikin manhajar a buɗe zai zauna.

Abin da ke lalacewa a hankali

Microsoft yana fitar da facinsa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Sabbin fitowar Windows da tsofaffi suna tarayya a sassa masu yawa na rubutun da aka gina su da shi, domin ba daga tushe ake sake gina kowace fitowa ba. Idan aka toshe wata ɓaraka a Windows 11, masu kutse sukan ɗauki fayil ɗin kafin gyara da bayan gyara su gwama, su ga daidai inda aka taɓa, sannan su je su duba ko ramin yana nan a tsohuwar fitowar da ba a yi wa faci ba. Sau da yawa yana nan. Ke nan kowane facin da aka yi wa masu sabuwa, kwatance ne na ƙofar gidan masu tsohuwa, kuma tarin ramukan ƙaruwa yake yi wata bayan wata.

A 12 ga Mayu 2017 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Ta bi wata ɓaraka a SMBv1, tsohuwar hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayiloli, kuma ba ta buƙatar kowa ya danna komai: kwamfuta na kunne a kan layi ɗaya da wadda ta kamu, ta kamu. An fitar da facin tun watan Maris na shekarar ga fitowar da ake kula da su. Masu XP kuwa ba su da shi, sai da ɓarnar ta kai ga asibitocin Birtaniya aka fitar musu da na gaggawa. A 2019 aka sake yin irin wannan alfarmar saboda ɓarakar BlueKeep da ke cikin hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Alfarma ce, babu wanda ya yi alƙawarin za a maimaita ta.

Daga nan sai sauran manhajoji su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1. Burauza kuwa ita ce ƙofar da ta fi kowace karɓar baƙi. Takardun shaidar da burauza ke tantance shafuka da su ma suna ƙarewa: a 30 ga Satumba 2021 wa'adin tushen shaida mai suna DST Root CA X3 ya cika, tsofaffin na'urorin da ba a sabunta musu jerin shaidu ba suka fara ƙin buɗe shafukan da lafiyarsu ƙalau. Mutum ya saba danna "ci gaba duk da haka", ranar da gargaɗin ya zama na gaskiya ma haka zai danna.

Akwai masu cewa ai suna da antibairos. Tana da amfani, tana kama mugun fayil ɗin da ta sani ko wanda halinsa ya nuna. Amma ba ta gyara rubutun babbar manhaja, kuma ita kanta a kan wannan babbar manhajar take tsaye. Mai gadi ne a gidan da katangarsa ta zube.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Kada ka yanke shawara da ƙiyasi. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `winver`, ka ga fitowa da lambarta. Sannan rubuta `msinfo32` ka rubuta abubuwa biyar a takarda: sunan firosesa, yawan RAM, ko tsarin 64-bit ne ko 32-bit, ko layin BIOS Mode yana cewa UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) ko Legacy (tsohon tsarin), da matsayin Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da na'urar. Ƙara da `tpm.msc` domin ganin ko akwai TPM, wato sashen tsaro da ke ajiye makullan sirri, da lambar fitowarsa. A Linux, `cat /etc/os-release` zai faɗa maka fitowa, `uname -m` ya faɗa maka ko 64-bit ce, `free -h` kuma yawan RAM. A Mac, alamar Apple da ke saman allo, sai About This Mac.

Wani abin lura: ganin 32-bit a `msinfo32` ba ya nufin firosesa ɗin 32-bit ne. An sha ɗora Windows mai 32-bit a kan na'ura mai iya 64-bit. Nemi sunan firosesa ɗin a shafin Intel ko AMD ka tabbatar.

Mataki na biyu: lissafa ayyukanka

Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke mai da su baya bayan mako guda. Ɗauki kwana uku zuwa bakwai kana rubuta duk abin da ka yi da kwamfutar. Rubuta aikin, ba sunan manhajar kaɗai ba: rubuta wasiƙa, lissafin ma'ajiya, gyaran hoto, taron bidiyo, buga takarda, sikanin. A gefe ka jera duk na'urar da kake jonawa da cikakken sunan samfurinta. Daga nan raba jerin gida uku. Na farko, abin da ake yi cikin burauza, wanda zai yi aiki a ko'ina. Na biyu, abin da ke da madadi, kamar LibreOffice a madadin Microsoft Office ko Thunderbird a madadin Outlook. Na uku, abin da ba shi da madadi: manhajar lissafi ta musamman, manhajar da ke tuƙa injin masana'anta ko na'urar gwaji, Photoshop ga wanda sana'arsa ke nan, fayilolin Excel masu ɗauke da makro da yawa, wato ƙananan umarni masu yin aiki da kansu. Tsawon gida na uku shi zai zaɓa maka hanya.

Mataki na uku: kwafi, kafin ka taɓa komai

Kwafi iri biyu za ka yi. Na farko na fayiloli ne zalla, zuwa diskin waje: Documents, Pictures, Desktop, Downloads, da duk babban fayil ɗin da ka ƙirƙira kai tsaye a C. Na biyu hoton diskin gaba ɗaya ne, da manhaja irin Clonezilla, wanda zai ba ka damar mai da kwamfutar yadda take idan komai ya dagule. Diskin wajen ya zama aƙalla ya kai girman abin da ke cikin na kwamfutar, in ya ninka ya fi.

Abubuwan da aka fi mantawa su ne waɗanda ba a gani a idon farko. Kalmomin sirri da alamomin shafuka na burauza: fitar da su daga saitin burauzar, kuma ka sani fayil ɗin kalmomin sirrin a buɗe yake kowa na iya karantawa, don haka ka goge shi da zarar ka shigar da shi a sabon wuri. Wasiƙun Outlook da ke cikin fayil mai ƙarshen .pst. Lambobin lasisin manhajojin da ka saya. Kalmomin sirrin Wi-Fi, waɗanda umarnin `netsh wlan export profile key=clear` ke fitarwa. Fayilolin OneDrive masu alamar gajimare, waɗanda sunansu kawai ke kan kwamfutar: sai ka sauke su tukuna, in ba haka ba fanko za ka kwafa.

Sai BitLocker, tsarin Windows na kulle diski da makullin sirri. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, rubuta `manage-bde -status`. Idan diskin a kulle yake, nemo lambar ceto mai lambobi 48, galibi tana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda. Canza saitin TPM ko Secure Boot ko tsarin tashi na iya sa Windows ta nemi lambar nan, kuma wanda ba shi da ita ya yi asarar bayanansa, babu wani gwani da zai buɗe masa.

Kafin ka wuce, jona diskin wajen a wata kwamfutar ka buɗe fayiloli goma daga wurare daban-daban. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai.

Hanya ta ɗaya: hawa Windows 11

Idan na'urar ta cika sharuɗɗa, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Sharuɗɗan: firosesa mai 64-bit daga jerin da aka amince da su, wanda a taƙaice ya fara daga Intel ƙarni na 8 da AMD Ryzen 2000, RAM 4GB, sarari 64GB, UEFI mai iya Secure Boot, da TPM 2.0. Manhajar PC Health Check za ta nuna maka sharaɗin da ka faɗi. Wannan 4GB ɗin mafi ƙaranci ne a takarda, a aikace 8GB ne ke ba da sukuni.

Kwamfutoci da yawa da aka ce ba su cancanta ba, saiti ne kawai a kashe. TPM yana cikin firosesa, Intel na kiransa PTT, AMD na kiransa fTPM. Shiga saitin BIOS, wato allon saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows, lokacin tashi, galibi da F2 ko Del ko F10, nemo shi ƙarƙashin Security ko Advanced, ka kunna. Idan BIOS Mode na cewa Legacy, diskin yana kan tsohon tsarin raba diski mai suna MBR, kuma in ka juya zuwa UEFI haka kawai Windows ba za ta tashi ba. A Windows 10 ga yadda ake bi: dakatar da BitLocker, gudanar da `mbr2gpt /validate /allowFullOS`, in ya amince ka gudanar da `mbr2gpt /convert /allowFullOS`, sai ka sake tashi ka shiga BIOS ka juya zuwa UEFI, daga ƙarshe ka kunna Secure Boot. Gwajin yakan faɗi idan diskin yana da manyan yankuna fiye da uku. Bayan ka hau Windows 11 kana da kwana 10 na komawa baya daga cikin saiti, bayan haka ana goge tsofaffin fayilolin.

Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, manhajar Rufus ma, wadda ake rubuta Windows a filashi da ita, tana da wurin da za ka danna ta cire binciken TPM. Yana aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan na'urar ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babbar sabuntawar shekara ba ta cika zuwa da kanta ba, sai ka sake bin dabarar da hannu. Fitowar 24H2 ma ta ƙi tashi sam a kan tsofaffin firosesa marasa umarnin POPCNT da SSE4.2. A ra'ayinmu wannan hanyar ta mai iya gyara da kansa ce a kan kwamfutarsa. Bai kamata a yi wa wanda ba zai gane ranar da faci ya daina zuwa ba.

Ga wanda ke buƙatar ƙarin lokaci a kan Windows 10, akwai shirin ESU na tsawaita facin tsaro. Sai kana kan fitowar 22H2, ana shiga ta Windows Update da asusun Microsoft, kuma wa'adin da aka fara sanarwa na ɗaiɗaikun mutane shi ne 13 ga Oktoba 2026. Kamfanoni na iya saye har shekara uku, kuɗin yana ninkuwa kowace shekara. Lokacin shiri ne aka sayar maka, ka yi amfani da shi wajen shirin.

Hanya ta biyu: komawa Linux

Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, mai firosesa na 2012 zuwa 2017 da RAM 4GB ko 8GB, har yanzu na'ura ce mai ƙarfi. A nan Linux ke da amfani. Ga wanda ya saba da Windows, Linux Mint ce muke ba da shawara, domin fasalinta ya yi kama da abin da ya sani: jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo a dama. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, ana kula da shi har 2029. Tana buƙatar RAM 2GB aƙalla, 4GB domin walwala, da sarari 20GB. Mai RAM 4GB zuwa sama ya ɗauki fitowar Cinnamon, mai ƙasa da haka ya ɗauki Xfce. Idan Ubuntu ka zaɓa, ɗauki mai alamar LTS, wadda ke fitowa a Afrilu duk shekara biyu kuma ake kula da ita shekara biyar. Fitowar da ke tsakani wata tara kacal take samu, wanda ya ɗora ta bai sani ba zai koma matsalar da ya gudo wa kafin shekara ta zagayo.

Na'ura mai 32-bit na gaske zaɓinta ya yi ƙaranci. Ubuntu da Mint sun daɗe da barin ta, Debian 12 tana da fitowarta, amma Debian 13 ta 2025 ta daina ba da mai ɗorawa na 32-bit. Ga wanda duk aikinsa a burauza yake, ChromeOS Flex na Google wani zaɓi ne: 64-bit, RAM 4GB, sarari 16GB. Tana goge diskin gaba ɗaya, kuma ba ta gudanar da manhajojin Android.

Ga yadda ake ɗora Mint ko Ubuntu.

1. Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da dukan tsarin da za a ɗora, daga shafin masu manhajar kansu. Tantance shi: a Windows rubuta `certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256`, ka gwama sakamakon da lambar da aka wallafa a shafin. Harafi ɗaya ya bambanta, sake saukewa. Fayil ɗin da ya lalace a hanya shi ke sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya ba tare da bayani ba.

2. Nemi filashi mai 8GB ko fiye, wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a goge shi. Rubuta ISO ɗin da Rufus ko balenaEtcher. Kwafa fayil ɗin kawai cikin filashi ba zai sa ya tashi ba.

3. A Windows, kashe saurin tashi da umarnin `powercfg /h off`. In ba ka kashe ba, Windows ba ta rufe diskin gaba ɗaya idan an kashe kwamfuta, Linux kuma za ta ƙi rubutu a kansa ko rage girmansa.

4. Jona filashin, sake tashi, danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F12 a Dell da Lenovo da Acer, F9 a HP, Esc ko F8 a Asus. Idan filashin ya fito sau biyu, zaɓi mai ɗauke da UEFI.

5. Kada ka ɗora tukuna. Tsarin zai tashi daga filashi ba tare da ya taɓa diskinka ba, kuma nan ne wurin gwaji. Ba shi rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya. Gwada Wi-Fi, sauti ta lasifika da ta abin kunne, makirfo, kyamara, hasken allo, Bluetooth, allon waje, firinta da sikana. Rufe murfin laftof ka buɗe ka ga ko tana farkawa. Buɗe fayilolin aikinka na gaske a LibreOffice, musamman masu jadawali da teburi. Zai yi nauyi saboda daga filashi yake gudu, wannan ba aibi ba ne.

6. Idan komai ya yi, danna alamar ɗorawa. Laftof ta kasance a jone da wuta. Za a tambaye ka ko a goge diskin duka ko a ɗora kusa da Windows. Karanta sunan diski da girmansa sau biyu, kuma ka cire diskin kwafinka kafin wannan matakin, domin an sha goge kwafi da hannun mai shi.

7. Bayan tashi na farko, idan Mint ce, buɗe Update Manager ka ɗauki duk sabuntawa, buɗe Driver Manager ka ga ko akwai direban da ake ba da shawara, wato manhajar da ke sa wani sashen na'urar ya yi aiki, kunna katangar tsaro da `sudo ufw enable`, sannan ka saita Timeshift ya riƙa ɗaukar hoton tsarin. Timeshift tsarin yake adanawa, fayilolinka na kanka suna buƙatar nasu kwafin dabam.

Matsalolin da aka fi cin karo da su sanannu ne. Idan mai ɗorawa bai ga diskin ba, galibi BIOS yana kan RAID ko Intel RST ne, sai an juya shi zuwa AHCI. In za ka riƙe Windows a gefe, kada ka juya kai tsaye: sa Windows ta tashi a Safe Mode sau ɗaya bayan juyawar domin ta ɗauki direban da ya dace, in ba haka ba za ta tsaya da shuɗin allo. Idan Wi-Fi bai bayyana ba, duba da `lspci` ko katin Broadcom ne, jona waya ta USB ka raba intanet, ka ɗauki direban daga Driver Manager. Baƙin allo a na'ura mai katin NVIDIA: tashi da zaɓin compatibility mode a Mint ko safe graphics a Ubuntu, ka ɗora direban kamfanin daga baya. Idan Secure Boot na kunne, ana iya neman ka ƙirƙiri kalmar sirri, a tashi na gaba shuɗin allo zai fito, zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Wanda ya tsallake wannan allon direbansa ba zai yi aiki ba. Idan agogo na rikicewa tsakanin tsarin biyu, dalilin shi ne Windows na ajiye lokacin gari a agogon na'ura, Linux kuma na ajiye lokacin duniya na UTC, umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` yana daidaita su.

Game da riƙe tsarin biyu a kwamfuta ɗaya: yana da amfani na 'yan makonni, amma ka tuna duk lokacin da ka tashi da tsohuwar Windows ka shiga intanet, kana cikin haɗarin da ka guda. Idan manhaja ɗaya ce ke riƙe da kai, ɗora tsohuwar Windows cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wani tsarin a cikin taga, a kan Linux, ka kashe mata katin sadarwa daga saiti, ka riƙa miƙa mata fayiloli ta babban fayil guda da kuka raba. Lasisin Windows da ya zo tare da na'ura ba lallai ya yarda da wannan ƙaurar ba, ka duba irin naka.

In diskin na'urar tsohon mai juyawa ne, sauya shi da SSD, sabon nau'in diski marar juyawa, kafin ɗorawa. Babu gyaran da ke ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri kamarsa, kuma tsohon diskin ya zama kwafin da ba a taɓa ba.

Tsohuwar Linux, Mac da waya

Sunan Linux ba laya ba ne. Ubuntu 20.04 ta fita daga kulawar yau da kullum a 2025, CentOS 7 ta ƙare a 30 ga Yuni 2024, kuma uwar garken da ke kansu, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidimar shafuka ko bayanai, tana fuskantar intanet dare da rana. Alamar da za ka iya gani a tsohuwar Ubuntu, musamman wadda ba LTS ba, ita ce `apt update` ya fara ba da kuskuren 404, saboda an kwashe ma'ajiyarta zuwa old-releases.ubuntu.com. Ana hawa ne daga LTS zuwa LTS mai bi mata da `do-release-upgrade`, ba a tsallake. Wanda ke baya da fitowa biyu ko uku, gina sabuwar uwar garke a gefe, a kwashe bayanai, a gwada, sannan a juya, ya fi masa aminci a kan hawa uku a jere. Ubuntu Pro na tsawaita faci zuwa shekara goma, kyauta ne ga na'urori biyar na amfanin kai. Masu CentOS sukan koma AlmaLinux ko Rocky Linux.

Apple a al'adance yana yi wa fitowar macOS uku na baya-bayan nan faci, kuma ya sanar cewa macOS 26 ita ce ta ƙarshe ga Mac masu firosesan Intel. Irin waɗannan na'urori da yawa suna karɓar Linux. A wayar Android, duba kwanan watan facin tsaro a cikin saiti ƙarƙashin bayanin waya. Idan ya haura shekara guda kuma babu sabuntawa, cire manhajojin banki da babban imel ɗinka daga kanta.

Idan dole ne tsohuwar ta zauna

Wani lokaci babu yadda za a yi. Injin yanka ƙarfe ko na'urar ɗakin gwaji na iya zama tana aiki ne kawai da kati da direban da aka yi wa XP ko Windows 7, kuma injin zai yi shekaru yana aiki lafiya. A nan sai killacewa, kuma a yi ta da gaske.

Cire wayar sadarwa, kashe Wi-Fi daga BIOS ko ka cire katin. Idan dole ta yi magana da wata na'ura, sa ta a keɓaɓɓen layi, katangar tsaro ta ƙyale adireshi ɗaya da kafa ɗaya, wato lambar ƙofar sadarwa, da aikin ke buƙata, ta toshe saura, har da fita zuwa intanet. Kashe shiga daga nesa, wanda ke amfani da kafa 3389, ka toshe kafa 445, ka kashe SMBv1 idan tsarin ya yarda. XP ba ta san wata hanyar musayar fayil ba sai SMBv1, shi ya sa bai kamata ta zauna a layin ofis ba ko kaɗan. Aikin yau da kullum a yi shi da asusun da ba na mai gudanarwa ba. Kada a buɗe imel ko burauza a kanta, ko sau ɗaya.

Da zarar an cire intanet, filashi ya zama babbar ƙofa. Ware guda ɗaya, rubuta masa suna, kada ya shiga ko'ina sai wannan na'urar da wata kwamfuta guda mai cikakken faci da za ta riƙa duba shi kafin kowace shiga. Kashe AutoRun, saitin da ke sa abin da ke cikin filashi ya buɗe da kansa. Ma'aikata su san ba a cajin waya a jikinta.

Ɗauki hoton diskin da Clonezilla, ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban tare da faifan ɗorawa, direbobi da lambobin lasisi, domin shafukan da ake sauke su suna ɓacewa. Gwada mai da hoton a kan wani diskin ka ga ya tashi. Tanadi diski da akwatin wuta na canji tun ana samun irinsu, kuma ka sauya ƙaramin batirin CR2032 na allon uwa kafin ya mutu, domin in ya mutu saitin BIOS da kwanan wata suna gogewa, wasu manhajojin masu lasisi kuma su ƙi buɗewa. A jikin akwatin ka manna takarda mai ɗauke da sunan wanda ke da alhakinta, abin da aka hana yi da ita, da ranar da za a sake zama a duba ko mai injin ya fitar da manhajar da ke hawa sabon tsari, kowane wata shida.